Awa 40 Ba Ko Sisi: Rigimar Aikin Gwaji Daga Shagon Shayi a Gilasgo Zuwa Majalisar Birtaniya

A shekarar 2017 wani kamfani mai suna Mooboo Bubble Tea ya shiga bakin duniya a Gilasgo, birni mafi girma a Sikotland. Abin da yake sayarwa wani irin shayi ne da ya samo asali daga Taiwan, mai madara da sanyi, ana zuba masa 'yan dunƙule-dunƙulen garin rogo a gindin kofi, matasa na rububinsa. Babu wanda ya yi ƙorafi a kan shayin. Abin da ya tayar da ƙura shi ne sharaɗin da aka gindaya wa masu neman aiki: sai mutum ya yi awa 40 yana aiki da sunan horo, ba za a ba shi ko sisi ba, kuma idan ya gama babu alkawarin za a ɗauke shi.

Awa 40 mako guda ne cur na cikakken ma'aikaci. A lissafin mafi ƙarancin albashi da ya fara aiki a Birtaniya a watan Afrilun wannan shekarar, wanda ya kai shekara 25 ba a biyan sa ƙasa da fam 7.50 a awa, ɗan shekara 21 zuwa 24 fam 7.05, ɗan 18 zuwa 20 kuwa fam 5.60. Ke nan babba ya yi asarar fam 300, yaro ɗan shekara 19 kuma fam 224. Ga wanda ya ci ya ƙoshi, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba. Ga wanda ya fito neman aikin haɗa shayi kuwa, kuɗin cefane ne da na mota na makonni.

Waɗanda suka ɗauki maganar suka yayata ta su ne 'yan Better Than Zero, wata gwagwarmayar matasan ma'aikata da ta fara a 2015 da goyon bayan haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Sikotland, STUC. Asalin faɗansu da wani irin kwantiragi ne wanda mai aiki ba ya lamunce maka ko awa ɗaya a mako. In yana buƙatar ka ya kira ka, in ba ya buƙata ka zauna a gida. Gidajen abinci da otal-otal da mashaya nan ne irin wannan kwantiragi ya yi katutu, kuma nan ne aikin gwaji ya fi yawa. Aka buɗe takardar koke a intanet, dubban mutane suka sa hannu, jaridu suka ɗauka. Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya ce zai riƙa biyan masu horo.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ta isa a yi nazari a kanta ba. Kamfani ɗaya ne aka kunyata ya gyara. Amma da zarar labarin ya fita, sai mutane suka fara kawo nasu, aka ga ashe abin ruwan dare ne. Awa 40 ce kawai ta yi yawa har ta fito fili. Awa huɗu, awa shida, shifti ɗaya ko biyu, wannan kullum ana yi babu mai ɗaga kai.

Yadda abin yake tafiya kusan iri ɗaya ne. Ka kai takardunka, manaja ya duba ya ce: zo ranar Juma'a da yamma mu gwada ka. Ka sayi baƙin wando da baƙin takalmi domin haka ake sawa a wurin, ka biya kuɗin bas. Daren Juma'a da na Asabar su ne lokacin da gidan abinci ya fi cika, saboda haka ba wanda yake da sararin tsayawa ya kalle ka. Za a miƙa maka faranti ko tsumma, ka yi ta kai da kawowa har a tashi. A ƙarshe a ce maka: za mu neme ka. Wani a neme shi. Wani kuwa shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Zargi mafi muni da masu gwagwarmayar suka yi shi ne wasu wuraren ba su da ma gurbin da za su cike. Suna amfani da masu neman aiki ne su toshe giɓin ma'aikacin da ya tafi hutu ko ya kwanta rashin lafiya, wannan makon wannan, mako mai zuwa wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ramin da ke cikin doka

Birtaniya ba ƙasa ce marar dokar albashi ba. Majalisa ta zartar da dokar mafi ƙarancin albashi a 1998, ta fara aiki a Afrilun 1999 da fam 3.60 a awa. Dokar ta ce duk wanda ya cika sunan ma'aikaci dole a biya shi, kuma ba lallai sai an rubuta kwantiragi ba; yarjejeniyar baka ta isa, har ma wadda ba a furta ba amma halin da ake ciki ya nuna ta. Akwai ma wani sashe da ya juya nauyin kawo hujja: idan aka je gaban shari'a, ana ɗauka mutum ya cancanci albashin ne har sai mai aikin ya tabbatar da akasin haka. Hukumar haraji da kwastan ta ƙasar, HMRC, ita ke bin sawu. Tun daga Afrilun 2016 wanda aka kama zai biya bashin albashin, sannan a ci shi tarar ninki biyu na abin da ya danne, har zuwa fam 20,000 a kan kowane ma'aikaci, kuma gwamnati na wallafa sunayen masu laifi a bainar jama'a.

A takarda ke nan babu inda mai cin gumin mutane zai ɓuya. To amma duk wannan kariya tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: yaushe mai neman aiki yake zama ma'aikaci? Dokar ba ta ambaci aikin gwaji ba ko sau ɗaya. Ba ta ce an halatta ba, ba ta ce an haramta ba, ba ta kuma yanka masa awa ba. Mai gidan abinci zai ce ai wannan ba ma'aikacina ba ne, intabiyu muke yi, sai dai maimakon mu zauna a ofis muna yi ne a kicin. Yaron da ya wanke tukwane awa shida zai ce aiki na yi. Kowa da tasa, kuma alƙali ne kaɗai zai raba, bayan ya duba yadda wannan lamarin ya gudana shi kaɗai.

Zuwa wurin alƙalin fa? Nan ne abin ya fi ban takaici. Daga Yulin 2013 gwamnati ta sa kuɗi a kan shigar da ƙara a kotun ma'aikata. Ƙarar neman albashin da aka hana ka tana cikin masu araha, amma duk da haka fam 160 ne na shigarwa, fam 230 na zaman sauraro, jimla fam 390. A lokacin da rigimar Mooboo ta tashi, wanda yake bin fam 300 sai ya fara ajiye fam 390 kafin alƙali ya saurare shi, sai fa in ya samu sassauci saboda talauci. Wanda yake bin kuɗin awa biyar ba ma zai fara tunanin ba. Ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta kai ƙarar gwamnati, kuma ranar 26 ga Yulin 2017 kotun ƙoli ta soke waɗannan kuɗaɗe, ta ce sun toshe wa mutane hanyar samun adalci. An cire wannan shinge, amma saura ba su kau ba: a lokacin wa'adin shigar da ƙara wata uku ne, sai ka fara bi ta hukumar sasanci ta ACAS, sannan ka jira watanni. Duk saboda fam talatin da 'yan kai. Mutumin da ba shi da aiki lokacinsa na neman aiki ne, kuma a sana'ar da manajoji suka san juna ba ya son a san shi da kai ƙara.

Juma'ar da aka kashe ƙudirin

Majalisar Sikotland da ke Edinbura ba ta da hurumin yin dokar ƙwadago. Wannan yana hannun majalisar Westminster a Landan. Wanda ya ɗauki maganar ya kai can shi ne Stewart McDonald, ɗan jam'iyyar SNP ta masu neman 'yancin kan Sikotland, mai wakiltar Gilasgo ta Kudu a lokacin. Ya yi sa'a. A farkon kowane zangon majalisar wakilai ana jefa ƙuri'a irin ta caca a fitar da sunaye 20 na 'yan majalisar da ba ministoci ba, a ba su damar gabatar da ƙudirin kansu. Sunansa ya fito bayan zaɓen 2017, kuma ranar 19 ga Yulin wannan shekarar ya gabatar da ƙudirin haramta aikin gwaji marar biya.

Ƙudirin gajere ne. Bai hana gwaji ba. Ya ce in za ka gwada mutum, ka biya shi aƙalla mafi ƙarancin albashi na awannin da ya yi. Kafin ya fara ka gaya masa tsawon gwajin, ka ba shi bayanin aikin da abin da ake nema a wurinsa, ka faɗa masa guraben da ake da su guda nawa ne. Bayan ya gama ka sanar da shi sakamako, ka kuma gaya masa yadda ka ga aikinsa. A ganina sharaɗin faɗar yawan gurabe shi ne mafi wayo a cikin duka, domin shi ne yake kama wanda ba shi da gurbi ko ɗaya amma yake ta kiran mutane gwaji. Kuɗi kowa zai iya gardama a kai. Amma ba wani mai gaskiya da zai ji nauyin faɗar mutum nawa yake son ɗauka.

A wajen tallata ƙudirin an riƙa ambaton wani adadi mai girma: kimanin fam biliyan 3 na haƙƙin ma'aikata da ake dannewa duk shekara a Birtaniya. Adadin ya fito ne daga wani bincike na Jami'ar Middlesex a 2017, wanda ya ƙiyasta cewa abin yana shafar aƙalla mutum miliyan 2 a shekara. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lamba da hankali, domin ta haɗa duk wani nau'in albashin da ba a biya ba ne, har da kuɗin hutu, wanda shi ne kaso mai tsoka. Aikin gwaji ɗan yanki ne a ciki. Kuma shi ne mafi wuyar ƙirgawa, tunda wanda aka gwada aka sallama ba ya cikin rajistar kowa: ba takardar albashi, ba lambar haraji, ba sa hannu.

Aka sa ranar Juma'a 16 ga Maris 2018 domin karatu na biyu, wato matakin da ake muhawara a kan ƙudiri a kaɗa ƙuri'ar ko zai ci gaba. A nan sai an fahimci yadda Juma'ar majalisar take. Ana zama ne daga ƙarfe 9:30 na safe zuwa 2:30 na rana. Idan lokaci ya cika ana cikin muhawara ba a kaɗa ƙuri'a ba, ƙudirin ya koma ƙarshen layi, kuma da wuya ya sake samun rana. Hanyar tilasta a rufe muhawara a yi ƙuri'a ita ce a samu aƙalla mutum 100 su goyi baya, alhali ranar Juma'a yawancin 'yan majalisa sun tafi mazaɓunsu. Saboda haka waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na bakwai a cacar su ne masu rabo, domin kowannensu yakan samu farkon wata Juma'ar. McDonald ba ya cikinsu. A ranar, ƙudirin da ke gaba shi ne na Angus MacNeil, shi ma ɗan SNP, a kan haɗa 'yan gudun hijira da iyalansu. Wannan ya ci mafi yawan yinin, ya kuma tsallake. Ragowar lokacin aka bar wa maganar aikin gwaji.

Da aka zo ƙarshe, ƙaramin minista mai kula da ƙananan sana'o'i, Andrew Griffiths, ya miƙe domin mayar da jawabin gwamnatin Conservative. Yana cikin magana ƙarfe 2:30 ta buga. Ba a kaɗa ƙuri'a ba. Babu ɗan majalisa ko ɗaya da aka rubuta sunansa cewa ya goyi bayan a sa mutane aiki kyauta, kuma ƙudirin bai wuce ba. Kisan mummuƙe ke nan. Ba kuma yau aka fara ba: a Nuwamban 2016 haka aka yi wa ƙudirin Alec Shelbrooke, wanda ɗan jam'iyya mai mulki ne ma, da ya nemi a riƙa biyan matasan da kamfanoni ke ɗauka neman ƙwarewa ba albashi. Ƙudirin McDonald ya yi ta zama a jerin jira har zangon majalisar ya ƙare a 2019, ya faɗi tare da shi.

Hujjar gwamnati ita ce doka ta riga ta wadatar: wanda aka sa shi aiki na gaske da sunan gwaji ma'aikaci ne, ya kai ƙorafi HMRC. Kuma ba za a ce hukumar tana barci ba. A shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018 ta gano bashin albashi na fam miliyan 15.6 da ya shafi ma'aikata sama da 200,000. Sai dai irin wannan kamu yakan zo ne daga duba littattafan albashi na kamfani, a ga an yanke kuɗin yunifom ko ba a lissafa wasu mintoci ba. Wanda bai taɓa shiga littafin ba, ta ina mai bincike zai gan shi?

Masu gidajen abinci su ma suna da tasu maganar, kuma ba duka ce ta son zuciya ba. Takarda ba ta nuna maka ko mutum ya iya riƙe wuƙa, ko zai iya ɗaukar faranti uku ya ratsa cunkoso, ko zai yi wa baƙo fara'a bayan ya gaji. Ribar ƙaramin gidan abinci siririya ce, ma'aikata kuma suna yawan barin aiki, saboda haka kullum cikin ɗauka ake. Idan mutum goma suka nemi gurbi ɗaya, in ji su, duk sai mun biya su? Wasu ma suka ce gwajin gata ne ga wanda ba shi da takardu ko bai iya zuba a intabiyu ba, domin aikinsa zai yi masa magana.

Na yarda da rabin wannan. Mai tsire yakan yanko maka ɗanɗano, kuma ba wanda ya taɓa cewa ka biya. Amma in ka cinye tsinke uku ka ce har yanzu ɗanɗanawa kake, kowa a tashar ya san sunan abin da ka yi. Kuku ya soya ƙwai a gaban mai gida cikin minti goma sha biyar, a ɗanɗana a zubar, wannan gwaji ne. Kuku ya dafa abincin da aka kai wa baƙi suka biya kuɗi aka jefa a akwati, wannan ciniki ne, kuma an yi shi da gumin wani. Game da mutum goma a gurbi ɗaya kuwa, amsar tana cikin tambayar. Idan gwajin kyauta ne, manaja ba shi da dalilin tacewa. Zai kira duka goman. Idan kowace awa za ta ci masa fam bakwai da rabi, zai karanta takardun da kyau ya kira biyu. Rashin tabbas a kan wanda za a ɗauka matsalar mai kasuwanci ce, ɗaya daga cikin kuɗaɗen da ake kashewa a buɗe shago, kamar haya da wuta. Abin da aikin gwaji kyauta yake yi shi ne ya sauke wannan kuɗi daga kan mai jari ya ɗora wa wanda ya fi kowa rashin kuɗi a cikin ɗakin.

Wani mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce ai mu ma yaro kan shekara a gareji ko shagon tela bai ga albashi ba. Haka ne, amma can akwai ɗaukar nauyi. Ubangida ya karɓi yaron, yana ba shi na abinci, yana koya masa sana'ar da za ta zauna a hannunsa, kuma kowa ya san akwai ranar yaye. Wanda aka kira gwaji daren Asabar ba a karɓe shi ba, ba a koya masa komai ba. Ko a Birtaniyar ma ɗan koyo yana da nasa mafi ƙarancin albashi, fam 3.50 a awa a 2017. Wato wanda aka yarda bai iya ba tukuna ana biyan sa, wanda ake so ya nuna ya iya kuma ba a biya.

Abin da aka bayar a madadin doka

A Disamban 2018 ma'aikatar kasuwanci ta fitar da jagora a kan aikin gwaji, wanda shi ne ribar da gwagwarmayar ta samu a hannu. Jagorar ta lissafa abubuwan da za a duba. Shin da gaske ɗaukar aiki ake yi? Tsawon gwajin ya wuce abin da ake buƙata a gane iyawar mutum? Ana kallon sa yayin da yake yi, ko an bar shi shi kaɗai? Abin da aka sa shi yana da alaƙa da aikin da ya nema? Aikin yana da wani amfani ga mai kamfani ban da gwadawa? Sannan, shin gwaje-gwajen sun zama wata hanya da kamfanin ke tafiyar da harkarsa? Ta kuma ce gwajin da ya wuce yini ɗaya, in ba a wani yanayi na musamman ƙwarai ba, akwai yiwuwar ya wajabta biyan albashi.

Tambayoyin masu kyau ne, musamman ta kallo. Idan ba wanda yake duba ka, ba gwada ka ake yi ba. Haka ta amfani: tana aiki har a ofis, inda ba a ba mutum tsumma amma a ce ya je gida ya tsara wa kamfani dabarun talla na wata uku, ko ya zana tambari, ko ya rubuta manhaja, daga baya a ce ba a ɗauke shi ba, aikin kuma ya zauna a kwamfutar kamfani. Hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta Ostareliya ma kusan wannan ma'auni take amfani da shi: gwaji marar biya ya tsaya a nuna iyawa, a ƙarƙashin idon mai dubawa, daga awa ɗaya zuwa shifti ɗaya gwargwadon wuyar aikin, abin da ya haura a biya.

Sai dai jagora ba doka ba ce. Ba ta canza ko harafi ɗaya a dokar 1998 ba, kuma alƙali ba dole ne ya bi ta ba. Ta rufe ƙofar awa 40, wadda dama kunya ta riga ta rufe. Ta bar ƙofar shifti ɗaya a buɗe, inda mafi yawan abin yake faruwa. Har ma ana iya cewa ta ba manaja abin kafa hujja: ai bai wuce yini ɗaya ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa gwamnati ba za ta so layi mai kaifi ba, domin ita kanta tana da hannu a irin wannan harka. Ofisoshin neman aiki na gwamnati, Jobcentre Plus, suna da tsarin gwaji da zai iya kai wa kwana 30, mai aiki ba ya biyan komai, mai neman aikin yana ci gaba da karɓar tallafin marasa aiki. An keɓe wannan tsari daga dokar albashi. An dai sa masa sharuɗɗa: da yardar mutum ake yi, kuma dole aikin ya zama na aƙalla awa 16 a mako wanda zai ɗauki aƙalla mako 13. Kafin wannan rigima ma an yi shari'ar Cait Reilly, wata da ta gama digiri a ilimin duwatsu a Jami'ar Birmingham. A ƙarshen 2011 ofishin neman aiki ya tura ta, a ƙarƙashin wani tsari na daban, ta yi mako biyu tana jera kaya da shara a shagon Poundland ba albashi, in ta ƙi a taɓa tallafinta, har ta dakatar da aikin sa-kai da take yi a wani gidan tarihi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a Fabrairun 2013 ƙa'idojin tsarin ba su bi doka ba, kotun ƙoli ta tabbatar a Oktoba, ko da yake ta ƙi yarda cewa aikin tilas ne. Tsakanin hukuncin biyu gwamnati ta yi sauri ta zartar da dokar da ta koma baya ta halatta abin da aka riga aka yi, domin kada ta mayar da kimanin fam miliyan 130 ga waɗanda aka yanke wa tallafi. A wancan karon majalisa ba ta rasa lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki aka gama.

Wa abin ya fi faɗawa? Matasa masu neman aikin farko, da baƙi. A nan maganar ta shafi namu kai tsaye, domin a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 Najeriya ce ta uku a cikin ƙasashen waje wajen yawan ɗalibai a jami'o'in Birtaniya, bayan Indiya da Sin, kuma da yawansu da aikin kicin da shaguna da gidajen kula da tsofaffi suke haɗa kuɗin haya. Bizar ɗalibin digiri ta ba shi awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu, kuma ana lissafa aiki ko an biya ko ba a biya ba. Awa takwas ta gwaji ta cinye masa kusan rabin abin da aka yarje masa ya nema a makon. In kuma gwajin ya sa ya haura awa 20, bakinsa ya rufu, domin kai ƙorafi tamkar kai kansa ne. Dokar da ta dogara da wanda aka cuta ya fito ya yi magana ba ta isa ga irin wannan mutum.

McDonald ya ci gaba da tayar da maganar a majalisa har ya rasa kujerarsa a zaɓen Yulin 2024, wanda ya kawo jam'iyyar Labour kan mulki. Labour ta shigo da alkawarin hana ɗaukar matasa neman ƙwarewa ba albashi, sai dai in yana cikin karatu ko horo, kuma a Yulin 2025 ta buɗe neman ba'asi daga jama'a a kan batun, ta haɗa da aikin gwaji marar biya a cikin tambayoyin. A lokacin mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21 ya kai fam 12.21 a awa. Hanyar da ke hannun wanda aka yi wa haka ita ce dai ta da: ya ajiye saƙon da aka kira shi da shi, ya rubuta ranar da awannin da abin da aka sa shi, ya kira ACAS ko ya cika fom ɗin HMRC a intanet. HMRC tana karɓar ƙorafi ko daga wani ne a madadinsa, kuma tana iya bin bashin albashi har shekara shida baya.